Maraƙin Da Nake Kira Ɗana

Ƙarar cokali ce a gindin tukunya, a hankali, irin ta mai gudun a ji shi. Ina zaune a kan sallaya ban gama lazimin safe ba. Na ɗauka kaza ce ta samu tukunyar tuwon jiya a buɗe, sai da na ɗaga labule na ga ɗiyata ce tsugune a bakin murhu, tana kankare ƙanzon shinkafa tana tarawa a gefen ɗan zanenta. Ba ta wuce shekara biyar ba a lokacin. Na tambaye ta ina za ta kai shi, ta ce maraƙin Inna za ta kai wa, yana son ƙanzo in an jiƙa masa.

Ba ni take nufi da Inna ba. Ni Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙanwata tana kirana lokacin da ta zo mini reno. Ita ce ɗiyata ta fari, kuma a gidan da na tashi da gidan da aka kawo ni duk abu ɗaya ne: uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta ɗora shi a cinya gaban mutane, in an yabe shi ta kau da kai kamar da wani ake. Tun da aka yaye ta a ɗakin uwar mijina take kwana. In zan aike ta sai in ce ke, ko yarinyar nan. Na yi sakandare, na yi islamiyya, na san babu inda addini ya hana uwa ta rungumi abin da ta haifa. Amma haka na ga Innata ta yi da wanmu, kuma uwar mijina tana zaune a tsakar gida da carbinta, idonta ba ya kuskuren komai.

Sunan yarinyar kuwa ni na zaɓe shi. Tun ina da cikinta na raɗa wa ƙanwata, ita ta kai wa mijina kamar daga bakinta ya fito. Ranar suna na ji an faɗe shi daga zaure, na sunkuyar da kai. Daga ranar bai taɓa fita daga bakina ba.

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba. An ɗauke mijina da aikinsa na ofis an kai shi Birnin Kebbi, inda ko ɗakin haya sai da hanya, don haka ya bar mu a Yelwa da mahaifiyarsa, yana leƙo mu in wata ya ƙare. Gidan ya yi mana faɗi.

Zana ce kawai ta raba mu da maƙwabciyarmu, wadda yarinyar take kira Inna. 'Yar Gungawa ce, tana yarinya ruwan madatsa ya ci tsibirinsu aka tashe su. Mijinta mai jirgin fito ne, kuma Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba. Sana'arta kiwon maruƙa. Takan sa a sayo mata ɗan maraƙin da aka yaye, ta ɗaure shi a turke ta yi ta hidimarsa, in damina ta gabato manoman wajen Shanga da Ngaski sun shigo neman shanun huɗa, ta sallama, ta sake sayen wani ƙarami. Mace ce mai sakin fuska. Ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri, wannan kuwa ya fi komai wahalar da ni.

Akwai inda zanar ta ɓarke daidai madafinmu. Ta nan nake ganinsu. Sai ta zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafunta tana yi mata kitso, maraƙin nata, ɗan gudali, yana kwance gefensu yana tuƙa. In ta gama ta kama fuskarta da hannu biyu ta duba, ta ce wannan kam ko a Kwantagora ba a haifi irinta ba. In kuma yarinyar ta makara da safe, sai in ji ta ɗaga murya ta kan zanar tana kiran sunan, tana jan ƙarshensa kamar mai waƙa. Sunan da na ɓoye a bakina kamar allura, ita tana watsa shi yadda ake watsa wa kaji hatsi. Yarinyar kuma ta amsa da na'am Inna, ta bar kokonta rabi ta ruga.

Da bazara ta yi aka kai gudalin kara, kasuwar shanu. Kafin la'asar labari ya zaga unguwa: wani manomi ya saye shi don ya haɗa da nasa, kuɗin kuwa sun isa ta sayi wani maraƙin har ta rufa ɗakinta da kwano. Mata suka yi ta shiga yi mata barka. Uwar mijina ta dawo tana cewa matar nan Allah ya ba ta hannu, duk abin da ta taɓa sai ya yi albarka. Ta duba jikarta ta ce ai ga shi, har yarinyar nan ta yi kumatu tun da take shiga can.

Washegari yarinyar ta shigo da ƙunshin yadi mai furanni da 'yan kunne. Wai rabon mai kiwo ne, tunda da ƙanzonta aka yi tozon. Da sallah ta zo, wannan yadin ta sa. Rigar da na ɗinka mata da hannu, na yi mata ado da zare a wuya, sai kwana na uku ta samu shiga, shi ma don an wanke waccan.

Na zauna na yi lissafina irin na 'yan makaranta. Na ce me ke can gidan da babu a nan? Maraƙi. To, ai sayarwa ake yi.

Ina da adashin da nake tarawa don keken ɗinki, kwasata ta zo. Mace ba ta shiga kara, sai na kira ƙanin mijina, wanda yake kabu-kabu da babur tsakanin tasha da bakin ruwa. Tsakaninmu akwai wasa, don haka da ya ji abin da nake so sai da ya dafa bango don dariya.

"Matar Yaya, ke da ko kaza in ta kwance sai kin kira ni, mi za ki yi da sa?"

"Kai da ka kasa kamo mata guda har yau, ai ba ka yi wa mai kaza dariya ba. Je ka tambayo mini."

Ranar kasuwa ya dawo da azahar ya zauna a kan turmi yana ba mu labari. Ya ce shanu sun yi wuta. Ma'aikatan sabuwar jiha duk wanda ya samu ɗan abu sai ya zuba a kiwo, ga naira kullum tana ƙara sauƙi a hannu. Gudali yayayye wanda tozo ya fara tasowa, kuɗina ko rabinsa ba su kai ba. Fararen Fulani sun fi dama, amma su ma ya taya an yi masa albarka har ya gaji. Guda ɗaya ne ya ga ya dace da aljihuna: ɗan maraƙin da uwarsa ta maƙale a taɓo a bakin tafki ta mutu, Bafillatanin yana neman ya rabu da shi kafin shi ma ya bi ta. Dillali ya rantse yana cin dusa, amma a cewar ƙanin mijina, rantsuwar dillali tana cikin la'adarsa. Uwar mijina ta ce kada in zubar da kuɗina a kan abin da ko mahauci ba zai duba ba. Ni kuwa tun da ya ce uwar ta mutu na daina jin sauran. Na ce ya koma ya kawo shi.

A kan babur ya kawo shi, kwance a cinyarsa, an ɗaure ƙafafun da tsumma. Fari ne mai baƙin kunnuwa, gwiwoyinsa sun fi cinyoyinsa kauri. Da aka sauke shi ya tsaya yana rawar jiki, ya yi wani kuka siriri yana waige-waige. Dusa kam ko shinshinawa bai yi ba.

Na dama koko mai ruwa-ruwa, na zuba madarar gari, na tsoma yatsuna a kwanon na kai bakinsa. Da farko ya ƙi. Sai can ya kama yatsun ya fara tsotso, harshensa kamar bayan ganyen ɓaure. Ina janye hannun a hankali zuwa cikin kwanon yana bi, har ya iske kansa yana sha. Haka muka yi ta yi safe da rana da yamma. Maƙwabciyar ta shigo ganinsa da ƙwaryar madarar shanu a hannu, ta ce ƙanwata, ki gwada masa wannan, ta fi ta gwangwani kama ciki. Na yi godiya sosai, na raka ta har ƙofa. Da ta fita na miƙa wa uwar mijina ƙwaryar na ce ga ta nan ta sha fura. Ban so a wayi gari a ce da hannunta ya tashi ba.

Ya kuwa tashi. Lissafina ma ya yi kamar zai fita daidai. Yarinyar ta daina fita. Ita ke riƙe kwano, ita ke korar ƙudaje daga idonsa da reshen dalbejiya. Wata safiya kiran nan ya zo ta kan zana, ta amsa da ina zuwa Inna, ba ta je ba. Aka sake kira, ta ce tana aiki. Ina madafi ina tankaɗe, na ji daɗin da sai da na yi istigfari.

Ban san ranar da na fara yi masa magana ba. In yana tsotson yatsuna sai in ji bakina yana cewa sha mana ɗana, sha ɗan lelena, wa ya taɓa mini kai? In na dawo daga barka ko ta'aziyya, kafin in cire mayafi sai na je turke, ya cusa kansa a jikina, in rungume wuyansa in tambaye shi ko ya yi kewata. Ba wanda ya ce kunya. Uwar mijina dariya ma take yi, tana gaya wa baƙi cewa surukarta ta haifi na biyu, mai ƙafa huɗu. Na yi mamakin yawan maganganun da ke cikina. Ashe suna nan a jibge, wasu tun daga ɗakin jego, ba su samu inda za su sauka ba sai a kan wannan.

Yarinyar takan tsaya riƙe da kwanon tana kallonmu. 

Kafin damina ta yi nisa ta koma gidan can, komawar da ta fi ta da. Da, safe take zuwa ta dawo da hantsi. Yanzu har tuwon dare sai a aiko a ce ta ci a can. In na ce ta miƙa wa maraƙin ruwa sai ta ajiye bokitin inda igiyarsa ba ta kai ba. Wata rana na kama ta tana jifarsa da 'ya'yan dalbejiya, ɗaya bayan ɗaya, ba da wasa ba. Na ce ke, mi ya yi miki? Ta ce wari yake yi, kuma na Inna ya fi shi tozo.

Wannan kalma ta zauna mini. Na ce ba daga bakin yarinya ta fito ba, ji ta yi ana faɗa. Daga nan ɓarakar zanar ta zama mini ma'auni. In ina girki ido ɗaya yana kan sabon gudalinta: faɗin ƙirjinsa, sheƙin fatarsa, yadda yake tona ƙasa da kofato. Sai in juyo in dubi nawa. Na sa masu jirgi suna kawo mini ciyawar burugu ɗanya daga bakin ruwa. Na kama layi da mai injin casa don dusar shinkafa mai laushi. Na jiƙa masa kanwa, na sayi harawar wake tun tana araha na jibge a kan rumfa. Kuɗin sabulu da na man shafawa da mijina yake bari duk a bakinsa suka ƙare. Ina wanke shi da soso. Ya yi ƙiba har fatar wuyansa tana rawa in yana tafiya, ya kuma saba da mutane har in baƙo ya shigo sai ya je ya lashi rigarsa. Na ce a raina, bari ranar kasuwa ta zo. A faɗi kuɗin nata a faɗi na nawa a gaban yarinyar nan, a ga gidan da yake da hannu.

Ban sayar da shi a bazarar farko ba, bai isa ba. Ita ma ta riƙe nata, wai tana son ya ƙara ƙashi. Sai da wata bazarar ta zagayo, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma yana watsewa, mijina ya zo ya ce harawa ta ƙare, kuma sa ya fi ƙarfin gidan da babu namiji. Na ji ta zana cewa ranar kasuwa mai zuwa za a fitar da gudalin. Na ce nawa ma ranar.

Da safe ƙanin mijina ya zo jansa. Bai yi gardama ba, ya bi shi kamar za su ziyara. Sai da suka kai zaure ya waigo. Na ja ƙanin mijina gefe na ce magana ɗaya ce: ya tsaya ya ji yadda aka sallama na gidan can, kada ya sallama nawa sai ya wuce haka.

"Ko da kwabo?" ya ce.

"Ko da kwabo."

Bai dawo ba sai bayan la'asar, igiyar naɗe a hannunsa, don ba a barin igiya ta bi dabba. Uwar mijina ta tafi gaisuwar rashin lafiya a ƙasan gari, ni kaɗai ya tarar. Ya zauna a kan turmi, amma yau ba wasa a bakinsa. Ya ce gudalin bai daɗe ba. Manoma suka kewaye shi, suka duba haƙori, suka danna wuya inda karkiya za ta zauna, suka murɗa wutsiya ya zabura. Wani daga wajen Ngaski ya saye shi da daraja. Nawa ma sun kewaye shi, don ya fi kowane ɗan sa a layin kyan gani. Amma da aka danna wuyansa sai ya lumshe ido ya jingina da mai dannawar. Aka buga masa sanda a cinya, ya juyo yana lasar hannun mai sandar. Aka ja shi, ya kwanta. Kara ta yi ta dariya. Wani tsoho ya ce wannan a ɗaki ya tashi, in an sa masa garma kuka zai yi. Duk da haka akwai wanda ya taya, wai zai gwada horar da shi, sai dai tayinsa bai kai na gudalin ba, ƙanin mijina ya ce albarka kamar yadda na umarce shi.

Sai wani ya zo bai duba haƙori ba, bai duba wuya ba. Ya dafa gadon baya, ya damƙi cinya, ya ɗaga wutsiya ya auna kitsen gindinta da yatsa. Ya taya, aka ja, ya ƙara, har ya wuce na gudalin da abin da zai sayi turmin atamfa.

"Kin ci kasuwa, matar Yaya," ya ce, yana kallon ƙasa. "Mahauci ne. Biki gare su gobe."

Ya ajiye ƙullin kuɗin a kan tabarma da igiyar, ya ce zai je ya yi sallah. Ban tsayar da shi ba. Abin da na ce ya yi, shi ya yi.

Na san halal ne. Don haka Allah ya halicce su, na kuma ci naman 'ya'yan wasu shanun ban tambayi wa ya rene su ba. Na gaya wa kaina wannan ina tafiya zuwa turken. Akwai sauran dusa a kwanonsa, da gurbin da yake kwanciya ya lotsa a ƙasa. Na zauna a bakin gurbin na ja mayafi na rufe fuska.

Daga can gidan hayaniya ce, mata sun fara shiga barka. Ina jin muryar maƙwabciyar a sama da ta kowa tana dariya, tana ba da labarin manomin da ya ce ko sisi ba zai rage ba don kada wani ya riga shi. Wata ta ce ai an ce nawa ya fi nata kuɗi. Maƙwabciyar ta ce Allah ya sa albarka, ƙanwata ta sha wahalarsa, ta cancanta. Ko wannan ba ta bar mini ba. Sai kuma ta ɗaga murya ta kira sunan nan, ta ce zo ki ga abin da Inna ta sayo miki.

Na jira in ji ƙarar ƙafafu sun nufi ƙofa. Ban san ma yarinyar tana gida ba, na ɗauka tun rana tana can. Sai na ji motsi kusa da ni. Na ɗaga mayafin kaɗan. Tana tsaye a jikin turken, ta riƙe shi da hannu ɗaya, ta yi tsawo a shekarun nan har kanta ya wuce shi. Aka sake kiranta daga bayan zana. Ba ta amsa ba. Ta dubi ƙofar ɗakin kakarta, ta dubi zaure, sannan ta matso ta tsuguna a cikin gurbin, daidai gabana, har gwiwarta tana taɓa tawa.

"Yaya," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "tunda ya tahi, ni ki ce mini abin da kike ce mishi. Kaka ba ta nan."